Ranar da Baffa ya saurari ƙanena

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta da safiyar da aka kawo mota don a kai ƙanena gidan mai maganin mahaukata ba.

Zamanin soja ne, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka yanke tallafin karatunsa na kimiyya a Turai, ya dawo Makarfi bai gama ba. Ni na goye shi bayan rasuwar iyayenmu, don haka duk abin da aka faɗa a kansa a kunnena yake sauka. Kuma an faɗa. Sai ya zauna a bakin gonar rake ya dunƙule hannaye biyu, yana gifta su a hankali, yana magana shi kaɗai. Mutanenmu kuwa ba sa jiran likita, tuni suka yanke cewa boko ya taɓa shi. Na san wurin da za a kai shi, mari ake sa wa mutum a ƙafa.

Mace ba ta shiga zaure in maza sun zauna, amma ran nan na shiga. Na durƙusa gaban Baffa, wan mahaifinmu, na roƙe shi ko sau ɗaya ya tambayi yaron me yake yi da hannayen nan.

Baffa ya tambaya. Ƙanena ya ce komai na duniya da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace tana riƙe da 'yan ƙwayoyin lantarki. Akwai wadda ake kira haidirojin, ɗaya tak gare ta. Akwai kuma wadda zafi ya kwashe wa nata da yawa, ta zama mai tsananin jawo na wasu. In ta gifta haidirojin da mugun gudu, sai ta wuce hannu wofi. In a hankali ne, lantarki ɗayan nan na haidirojin sai ya tsallaka wurinta, ya fara sauka nesa-nesa, sannan ya gangaro ciki yana fid da haske. Inda yake fara sauka shi ne lissafin da bai ƙarasa ba. Giftawar ƙwayoyin nan biyu ce yake kwatantawa da hannayensa.

Baffa ya saba raba rigimar iyakar gona, ya san yadda ake kama mai ruɗu. Ya sa shi ya maimaita, ya jefo tambaya daga ƙarshe, ya koma tsakiya, ya ma juya maganar da gangan. Ƙanena ya gyara masa cikin ladabi.

"Ban gane ba," in ji Baffa, "amma maganar nan ba ta sauya ba. Ku sallami direba."

Sai ƙanena ya fashe da kuka, ni ma na taya shi. Ya ce, "Yaya, tun da na dawo, yau ne aka fara tambayata."

Bai koma Turai ba, koyarwa ya yi a sakandare har ya yi ritaya. Ni dai tun daga ranar ba na yarda a yanke wa mutum hukunci ba a ce masa "me kake yi?" ba.