Abdul-Jalil da Sunan da Ba a Faɗa Ba

Wanda Ya ba mu aron rai Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, Abdul-Jalil Haladu, mutumin Maradi, direban bas ɗin ma'aikata a nan Doha, ya rasu bayan jinyar kwana tara. Mu goma sha huɗu muka yi masa sallah.

Abdul-Jalil, shekara ashirin na koyar da Faransanci a Katsina kafin duniya ta tsayar da ni gadin gidan wani a Al Thumama. A ɗakinmu na mutum shida a Fereej Abdel Aziz ka ji ni ina zagin risho da Faransanci, ka amsa mini daga gadon sama. Sai da muka shekara biyu kafin ka nuna mini fim ɗin da ka shirya da Faransanci a 2009, wanda ba ka sake yin wani ba bayansa.

Labarin Haulat ne, wadda mijinta ya dawo daga ci-rani da taɓin hankali, bai ƙara gane ta ba. Likita ya ce ta riƙa kiran sunansa ko zai tuna. Ita kuwa Bahaushiya ce, bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba. Tana son sa, tana jin nauyinsa, abin yana cin ta har ita ma ta fara zarewa. A ƙarshe ta buɗe baki, sai allo ya yi baƙi.

Me masu sharhin fim na birnin Faris suka gani? Ɗaya ya rubuta cewa matar ƙanƙara ce. Wani ya ce daraktan bai san so ba. Wata ta ce baiwa aka nuna, kana yabon bautarta. Babu wanda ya tambayi ko da mai sharar ofishinsa ɗan Nijar dalilin shirun nan. Sun ji harshensu a bakin 'yan wasa, sai suka ɗauka zuciyar ma tasu ce. Waɗannan jahilci ne ya ɗebe su. Namu masu digiri ne ba zan yafe wa ba, waɗanda iyayensu mata suka tsufa ba su kira sunan ubanninsu ba, amma suka kwafi hukuncin Faris suka buga a gida, wasu ko kallon fim ɗin ba su yi ba. Daga nan babu wanda ya sake miƙa maka kyamara.

Ba ka huce haushi a kan kowa ba. Kai ke raka mutanen Mali da Togo gaban kafil, ubangidan da ke riƙe da bizarsu, kana yi musu tafinta. Kai ka karanta wa Jamaldeen, maƙwabcin gadonka ɗan Zangon Kumasi, takardar aikinsa layi-layi, ka hana shi sa hannu a kan abin da zai ɗaure shi. Shi ne ke tsokanarka duk Juma'a in mun fito daga silimar Asian Town: “Darakta, yalla, maza faɗa mana laifin wannan kuma.” Kai kuma ka ce, “Laifinsa ɗaya, Jamal, kowa ya faɗi abin da ke ransa.”

Kwana huɗu da binne ka, saƙo ya shigo wayarka da ke hannuna daga masu wani bikin fina-finai a Turai. Yanzu fim ɗinka ya zama lu'ulu'un da aka manta. Suna son nuna shi, da sharaɗin da suka taɓa kawo maka ka ƙi shekara biyu da suka wuce: a rubuta sunan mijin a kan baƙin allon ƙarshe, wai don masu kallo su samu sauƙi. Sun zaci mutuwa ta sassauta ka. Kwafin da ya rage kaf duniya yana cikin akwatina, tun da ka damƙa mini shi a asibiti. Na rubuta musu cewa ko su nuna shi yadda ka bar shi, ko ya zauna tare da rigunan gadina. Khalas, magana ta ƙare.

Na yi hakan ne bayan na kira matarka, Shetu, a Maradi. Shekara talatin da ɗaya kuna tare, goma sha uku daga ciki ta waya. Da na yi mata ta'aziyya, ta ce, “Malam, shi ɗin, ya sha wuya?” Na ce a'a, Hajiya. Ta ce, “To, alhamdulillahi. An rufe shi da kyau?” Har muka gama ba ta ambaci sunanka ba. Na so a ce masu sharhin nan suna kan layi.

Allah Ya jiƙan ka, Abdul-Jalil, Ya yafe kurakuranka, Ya sa baƙunta ta zame maka shaida. Ya ba Shetu da 'ya'yanku, Fausiya da Ismail, haƙurin wannan rashi. Ya tashe ka a inda ake gane abin da ke cikin zuciya ba sai an furta ba. Amin.