Zulai'atu da Tsohon Shagon Banda

Ni Mati ne, tsohon direban jirgin ruwa tsakanin Yelwa da ƙauyukan bakin tafki har zuwa Wara. Labarina ba shi da tsawo: na tuƙa jirgi, na tsufa. Wanda ya isa a bayar shi ne na matata Zulai'atu, wadda unguwarmu ke kira Innar Auwal.

A ƙasar Ngaski aka haife ta, cikin irin gidajen nan da aka gina wa mutane lokacin da ruwan dam ya cinye garuruwansu na asali. Ɗakuna ne ƙanana masu lanƙwasasshen rufi, duk kamarsu ɗaya, har baƙo kan yi sallama a gidan da ba nan ya nufa ba. Innarta mai jere ce. Duk amaryar da za a kai, ita ke shirya mata ɗaki, ta jera kwalla da kwanoni, ta ɗaura labule. Zulai ta taso tana miƙa mata kaya, har hannunta ya faɗa. Sai dai ita ba ta tsaya ga kwanoni ba. In ta shiga ɗaki, bango take kallo, tana ƙanƙance ido kamar ya yi mata laifi.

Ban san da wannan halin ba sai da aka kawo ta gidana. Ba a daɗe da biki ba na yi tafiyar kwanaki. Na dawo da rana tsaka, kwandon kifi a kaina, na miƙe inda na saba shiga, sai na tarar da bango. Na tsaya ina yi wa bango sallama. Can ta leƙo daga gabas tana dariya. Ashe ta sa ƙanena ya toshe ƙofar, ya fasa wata.

"Malam, waccan ƙofar yamma take kallo," in ji ta. "Mi za mu yi da ranar la'asar cikin ɗaki?"

Na shiga da niyyar yin faɗa. Ɗakin ya yi sanyi kamar ƙarƙashin mangwaro. Kafin in gama shirya abin da zan ce, barci ya kwashe ni.

A Yelwa sunanta ya fita wajen jere. To, mafi yawan ɗakunan da ake kai amare tsofaffi ne, wani ma ɗakin ajiyar gero ne aka share. Sai ta riƙa gaya wa iyayen ango gaskiya: labule ba ya gyara ɗakin da ba shi da taga. A ɗaga wannan, a fasa can, a zuba dakali nan. Waɗanda suka bi shawararta suka ji daɗi, magana ta yaɗu.

Matsala ɗaya ce. Magina a lokacin ba su son mace ta tsaya kansu tana nuni da yatsa. Sai muka yi dabara. Tun a gida za ta karanta mini komai, ni kuma in je in tsaya gaban ma'aikata, hannu a baya, in maimaita. In an yi mini tambayar da ba a koya mini ba, sai in ce, "Bari in yi nazari," in zagaya bayan gida inda take jira. Ba a jima ba aka fara kirana Injiniya Mati. Ban taɓa cewa ni injiniya ne ba. Ban kuma taɓa cewa ba ni ba ne. Har tef ɗin awo na saya ina ratayawa a ƙugu, ko da yake igiyar jirgi na fi amincewa da ita.

Haka muka yi shekaru, yara suka girma, na bar wa ɗanmu Auwal jirgin.

Sai ga aikin Grace. Grace Bakambariya ce, 'yar kasuwar kifi, ƙawar Zulai tun suna sabbin aure. Ta daɗe tana ganin matan da ke zuwa daga kudu sarin kifi suna rasa masauki mai mutunci, wasu kan kwana jikin kwandunansu. Ta karɓi hayar wani tsohon shagon banda kusa da kasuwa daga hannun Modibbo, wani dattijo mai fataucin shanu, tana son a mai da shi masaukin mata.

Ranar da muka je gani, hawaye ne ya fara yi mana maraba. Shekara da shekaru ana gasa kifi a wurin, bango ya yi baƙi ƙirin, warin kuwa har cikin haƙora mutum ke jin sa.

Grace ta ce, "Innar Auwal, in ba ya yiwuwa ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba."

Zulai ta ce, "Ɗakin awaki na mai da na amarya. Wannan mi ne ne?"

Daga baya ita da kanta ta riƙa ba da wannan labari tana cewa, "Bakina ya riga hankalina isa wurin."

Aka wanke bango, aka shafa fenti shuɗi. Ya yi kyau. Bayan kwana kaɗan baƙin ya huda fentin ya fito, warin ya biyo shi. Aka sake shafawa. Aka ƙona turaren wuta, sai muka sami sabon wari, na kifin da ya je biki. Kyanwoyin kasuwa kuwa ba su yarda an canza wa wurin sana'a ba. Kullum da safe suna jere bakin ƙofa, suna kallona kamar ni na ɓoye kifin.

Ana cikin haka Zulai ta ce a rushe bangon da ya raba shagon biyu, don a sami falo mai faɗi. Magini ya dube ni. Ni kuwa na je na ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, na kara kunne kamar mai sayen kankana, na ce, "Ba komai, a rushe."

An ɗaga guduma ke nan sai muka ji murya daga ƙofa: "Don Allah ku dakata!"

Mufida ce, ɗiyar Modibbo. Ta yi karatun zanen gine-gine a jami'a, tana aiki a Birnin Kebbi, ta zo gida hutu. Babanta ne ya ce ta leƙa ta ga abin da ake yi wa shagonsa. Ta gaishe mu da ladabi, ta ɗaga kai ta nuna wani ƙaton katako da ya ratsa saman bangon.

"Baba, in an cire bangon, mi zai riƙe wancan?"

Na duba. Rufin gaba ɗaya a kansa yake zaune. Na ce, "Bari in yi nazari." Na juya zan zagaya baya, sai na ga wadda nake zuwa wurinta tana tsaye gefena, ita ma baki buɗe.

Zulai ce ta fara magana. Ta ce, "Ɗiyata, rabu da shi, ni na ce a rushe. Ni ƙasa nike kallo, ban taɓa tambayar abin da ke sama ba. Allah ne dai Ya tsare mu shekarun nan." Sannan ta kama hannun yarinyar. "Zo ki nuna mini."

Daga ranar aikin ya koma na su biyu. Mufida ta auna ko'ina, ta zana. Da ta miƙa mata takardar, Zulai ta daɗe tana dubawa tana gyaɗa kai, sannan ta ce zanen ya yi kyau amma ba ta ga dalilin sa bayi a bakin titi ba. Mufida ta sa hannu a hankali ta juya mata takardar. Zulai ta yi dariya har ta zauna kan bulo. Kafin hutun ya ƙare ta iya karanta zane, ta san bangon da ke ɗauke da kaya da wanda tsayuwa kawai yake yi. Ni na gane kaina cikin kashi na biyu.

Bangon bai tafi duka ba. An tokare rufin da itatuwa, aka zuba kankare da rodi a sama, sannan aka fasa babbar ƙofa a ƙarƙashi. Falon ya samu, rufin bai motsa ba. Batun wari kuwa, Mufida ta ce maiƙon kifi da hayaƙi sun shige cikin filasta, fenti ba zai yi komai ba. Aka kankare ta har sai da bulo ya fito, aka bar shi ya sha iska, aka yi sabuwa. Ramukan da hayaƙi ke fita ta sama, waɗanda ni na ba da umarnin a toshe, aka sake buɗe su aka sa musu raga. Iskar tafki ta riƙa shiga ta nan tana fita ta can.

Abin da ya shafi zaman mata kuwa, Zulai aka bar wa. Ta ce 'yar kasuwa ba ta barci in ba ta ganin kayanta, don haka ƙarafan da ake shanya kifi a kai aka goge su, aka kafa su jikin bango daura da gadaje, suka zama wurin ɗora kwanduna. Ta sa a ja ɗan bango gaban ƙofar shiga, yadda mai wucewa ba zai hango ciki ba. Ta ware lungu mai tsabta, ta ce mai salla ta yi salla, mai addu'a ta yi addu'a. Katakon rufin da hayaƙi ya rina ta so a rufe shi da silin, Mufida ta roƙe ta a bar shi a shafa masa mai kawai. Sun yi kwanaki suna ja. Da aka shafa ya fito baƙi mai sheƙi, Zulai ta tsaya ta kalla, ta ce, "To, na yarda. Amma kada ki gaya wa kowa."

Masaukin ya buɗe kafin kakar kifi. In damina ta yi nisa, warin kan ɗan leƙo kaɗan. Na taɓa ba wata baƙuwa daga Onitsha haƙuri a kai, ta shinshina hannun rigarta ta ce ita ba ta san ko nata ne ko na ɗakin ba.

Abin da ya canza a gidanmu shi ne Zulai ta daina aike na. Magina sun ga mace ta tsai da guduma, sun ga ta gyara abin da fenti ya kasa, kunnensu ya buɗe. Yanzu da kanta take tsayawa, da sandarta saboda ciwon gwiwa, ta nuna, a yi. In aiki ya taɓa bango ko rufi, ba ta bari a sa hannu sai ta ɗauki hoto ta tura wa Mufida. Ta gyara wani tsohon gidan injin niƙa a Shanga ya zama shagon ɗinki, ta mai da zauren wani gida ajin karatun matan aure. Ni aikina shi ne neman jirgin da zai kai siminti tsallake, da riƙe mata lema.

Bara Mufida ta kira ta Birnin Kebbi, wai akwai wani tsohon gida da take son ta gani kafin ta fara zane. Zulai ba ta taɓa zuwa ba. Ta ɗinka sabon zane, ta sa na raka ta. Da muka isa, mai gidan ya fito ya tarbe ni hannu biyu, ya fara yi mini bayanin inda yake son a fasa. Na saurare shi har ya gama, don mutum ne mai kirki. Sannan na ce masa, "Alhaji, ni jaka na riƙo. Ga mai aikin can ta shige ciki."