Sanda Mai Kayar da Shanu

Shekara ashirin da bakwai Sanda ya yi yana kayar da shanu a wata mayanka da ke bayan Mando, jikinsa kuwa ya shaida. Haƙarƙari uku shanu suka karya masa yana saurayi, duk a ranakun da ya zo aiki da rigimar gida cike da kai. Daga nan ya yi hankali. Kafin ya tunkari sa, sai ya tsaya cak, ya ji sanyin siminti a tafin ƙafarsa, ya ji kaushin igiya a hannu, ya saurari hucin dabbar har nasa numfashin ya lafa. Mahauta na tsokanarsa wai sai ya gaisa da sa kafin ya kayar da shi. Su ta shafa, shi dai ba a sake taka shi ba.

Mutum ɗaya ne ke kwance masa wannan natsuwar: ƙanensa Yusuf, mai fiɗa a mayankar, wanda ya taɓa fasa masa baki gaban jama'a a kan zancen da bai kai ya kawo ba. Abin takaici, shekara biyu ko sallama ba ta haɗa su.

Ranar jajibirin Babbar Sallah wani baƙin bijimi ya tsinke igiya. Ya watsa teburan nama, ya yi wurgi da wani dattijo, sannan ya ritsa Yusuf a jikin bango ya soka masa ƙaho a ciki. Jini ya wanke ƙasa. Masu cika baki su suka riga kowa hawa katanga. Bijimin ya ja baya zai ƙara.

Tsoro ya kama Sanda, na gaske. Zuciya ta shiga kawo masa naushin nan, da fuskar tsohuwarsu, da makara. Ya ƙyale su suka wuce. Ya kafa ido a ƙafar bijimin ta baya, tana ɗagawa ya zarga mata igiya ya fizge. Dabbar ta zube, ya faɗa kanta ya murɗe wuyan, sannan mahauta suka sauko da wuƙaƙe.

A cikin Keke Napep, a hanyar asibiti, Sanda ya danne raunin da hannu biyu, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa. Yusuf ya soma neman gafara a kan abin da ya wuce.

"Bar wannan, Yusufa. Ga ni nan. Ja numfashi."

Yusuf ya ja, cikin ya taso a tafin Sanda ya koma. Ya sake ja. Ko numfashi ɗaya bai kuɓuce wa Sanda ba, har da na ƙarshen, wanda ya zo suna tsaye a cunkoson Kawo.