Likkafanin da Ban Yanka Ba

Ni tela ne a unguwar New Bell. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo Douala daga ƙasar Katsina da fataucin goro, bai koma ba. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Ban da ɗinkin riguna, ni nake yanka likkafani idan an yi rasuwa a layinmu, aikin da na gada daga mahaifina. Mutane sun san ni da wasiwasi. Ina iya sake alwala don na yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannuna, ina iya dawowa daga gida don kawai in taɓa kwaɗon shago. Matata ta daɗe da daina yi mini magana a kai.

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na wani tsoho Ba'indiye mai gyaran keken ɗinki. Wani kamfani ne ya kawo shi ƙasar nan tun yana saurayi, kamfanin ya rufe, shi ya zauna. Ba mata, ba ɗa. A ɗakin bayan shagon yake kwana. Yana jin Turancin Pidgin sosai, Faransancinsa na kasuwa ne, Hausarsa kuwa tana isar shi gaisuwa da tsokana.

Malam muke ce masa. Ga farin gemu har ƙirji, ga rawani da ba a taɓa ganinsa ba shi ba. Kafin asuba ya yi wanka, ka ji yana karatu a hankali da harshensu. Ba ya shan taba, kuma in ka kunna ta a ƙofar shagonsa sai ya kore ka. In an yi masa sallama yana amsawa. Idan hira ta kai ga addini, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce Allah ɗaya ne. Ba a taɓa ganinsa a masallaci ba, amma kartiye, wato mutanen unguwarmu, ta yanke wa kanta hukunci cewa wata mazhaba ce ta can ƙasarsu, a ɗaki suke sallarsu. Ba wanda ya tambaye shi. Ni ma ban tambaya ba, ko da yake ni nake haɗa masa yadin rawaninsa, kuma na taɓa ganinsa a bayan shago yana shanya gashin kansa, fari, dogo har ƙugu, abin da ban taɓa gani a kan wani malami ba.

Kowace Babbar Sallah matata takan zaɓi nama mai kyau daga ragonmu ta ce in kai wa Malam. Don in kwantar masa da hankali, kullum sai na ce: "Baba, kada ka ji komai, liman da kansa ya yanka." Sai ya karɓa da hannu biyu, ya sa mana albarka.

Wata shekara ɗan ƙanensa ya zo daga Indiya, ya sami aiki a wani ofis a unguwar Bonanjo. Saurayi ne mai ladabi, rawaninsa shuɗi, a ɗaure tamau, Faransancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Yana shagon a ranar Sallah da na shigo da kwanon nama na faɗi maganata ta kullum. Ya tambaye ni me na ce, na fassara masa. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa su mabiya addinin Sikh ne, ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba, kuma naman da aka yanka irin yankanmu, shi ne ainihin wanda aka hana su ci. Wato maganar da nake faɗa shekara da shekaru don in halatta masa naman, ita ce take haramta masa shi.

Na tsaya da kwano a hannu. Tsohon ya karɓe kwanon kamar yadda ya saba. Ashe wata gwauruwa 'yar ƙabilar Basa da ke bayan layinmu yake kai wa, ita da jikokinta. Ya ce bai taɓa ci ba, bai kuma taɓa ganin dalilin da zai ɓata wa matata rai ba.

Daga ranar ne gardama ta ɓarke tsakaninsu, ko kuma daga ranar na fara jin ta. Duk Lahadi yaron yakan zo, su fara da harshensu, murya ta hau, sai tsohon ya buga bango ya kira ni in zama alƙali, ni da ban san komai a kai ba.

Abin da tsohon yake faɗa shi ne, a ƙauyensu na Punjab, kakarsa takan je kabarin wani waliyyin Musulmi ranar Alhamis ta kunna fitilar mai. Da agana ta shigo gari, ta kai sadaka wurin bautar Hindu. In za a yi aure, malamin Hindu ake kira ya duba rana. Duk da haka mazan gidan ba su taɓa aske gashi ba, kuma littafinsu suke karantawa safe da yamma. Ya ce a lokacin ba wanda ya ga katanga tsakanin waɗannan abubuwa, daga baya ne aka gina ta.

Yaron kuma ya ce katangar tana nan tun daga malamansu na farko, jahilci ne ya rufe ta. Ya ce akwai zamanin da har gumaka aka shigar wuraren ibadarsu, sai da aka yi gwagwarmaya, mutane suka rasa rayukansu, kafin a fitar. Ya ce masu son su haɗiye su, su ce ai reshen Hindu ne kawai, da irin labarin kakar nan suke kafa hujja.

"To kakata mece ce ke nan, limamin Bonanjo?" in ji tsohon. "Ka faɗa wa tela, ya ji."

Yaron ya ce Allah ya ji ƙanta, amma kuskure kuskure ne.

Ni dai ban taɓa yanke musu hukunci ba. Gardamar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Na ji irinta a ƙofar masallacinmu tsakanin samarin da suka dawo daga karatu da dattawan da ke ziyarar kaburburan shehunai, kuma can ma ban taɓa sanin inda zan tsaya ba.

Amma abin ya hana ni sukuni. Wata rana da muke mu biyu, ya warware kan keken ɗinkina yana sa masa mai, na daure na ce: "Baba, don Allah ka faɗa mini da bakinka. Kai Musulmi ne?"

Ya tambaye ni ko in ya ce e zan ƙara son sa. Na ce ba wasa nake ba. Ya goge hannunsa da tsumma.

"A'a, ɗana. Ni Sikh ne, haka aka haife ni. Amma kada ka faɗa wa madam, za ta daina aiko mini da kunu."

Ban faɗa wa kowa ba. Kartiye ta ci gaba da kiransa Malam.

Da mahaifina ya rasu, tsohon ya rufe shago ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya a baya da hannuwansa a haɗe. A hanyar dawowa ya kama kafaɗata ya ce wurin nan akwai sanyi, mutum zai yi barci mai daɗi a nan. Na ɗauka ta'aziyya ce kawai.

Da damina ya rasu, a irin kwanakin nan da ruwa yake yini yana zuba, kwatocin New Bell su cika su shigo shaguna. Hantsi ya yi bai buɗe ba. Muka ɓalle ƙofa, muka same shi zaune a kujerarsa da rawaninsa a kai, ya riga ya yi sanyi. Ɗan ƙanensa yana can wani wurin aiki a dajin gabas inda waya ba ta shiga. Na kira, na sake kira, ba amsa.

Kafin azahar layin ya cika. Mutane suna son sa ƙwarai. Wasu sun tafi maganar kabari, mata sun ɗora ruwan wanka, wani ya hau bensikin, wato babur ɗin haya, cikin ruwan nan ya sayo farin yadi ya shimfiɗa a kan teburina. Ana so a rufe shi bayan la'asar. Na ɗauki almakashi, na auna da ido kamar yadda na saba, amma na kasa kafa shi a yadin.

Liman ya shigo, dattijo ne mai sanyin hali, abokin mahaifina. Ya dube ni ya ce ni na fi kowa kusa da mamacin, kuma shi bai taɓa ganinsa a sahu ba. Ya ce: "Me ka sani game da shi?"

Abubuwa biyu suka tsaya mini a rai. Ga abin da tsohon ya faɗa mini da bakinsa. Ga kuma maganar da ya yi a hanyar maƙabarta, da kakarsa mai kunna fitila a kabarin waliyyi. Kuma ba wanda yake tare da shi a lokacin da ransa ya fita, ba wanda ya san me harshensa ya furta. Idan na yi shiru, za a yi masa wanka da salla, ya kwanta kusa da mahaifina, amma na sa jama'a sun sallaci wanda ya ce shi ba namu ba ne, na kuma yi masa abin da bai nema ba. Idan na yi magana, na san inda za a kai shi, don yaron ya taɓa gaya mini yadda suke yi da mamatansu.

Na ajiye almakashin, na faɗi abin da ya faɗa mini, kalma da kalma, ban da maganar kunu.

Wani mahauci, babban aminin mamacin, ya ce shekaru nawa mutumin nan yana cewa Allah ɗaya ne a gabanmu, me kuma ake nema? Wani ya ce wasiwasina ne ya motsa. Mahaucin ya matso kusa da ni, bai ɗaga murya ba.

"Ka san ƙona shi za su yi ko? Maƙwabcinka ne fa. Kai ka miƙa shi ga wuta."

Liman ya ce a bar ni. Ya ce ba za a tilasta wa mutum bayan ransa abin da ya ƙi da ransa ba, haƙƙin maƙwabtaka kuwa yana nan, a kai shi ɗakin ajiye gawa cikin mutunci har danginsa su zo. Aka naɗe yadin aka fita da shi. Ni na raka gawar asibiti. Na roƙi ma'aikacin wurin kada ya cire rawanin, kada ya taɓa gashin. Na fito har bakin titi, na koma na sake roƙonsa, don ban tabbata ya fahimci Faransancina ba.

Da yaron ya dawo, ya riƙe hannuwana biyu yana kuka, ya ce na ceci baffansa. Indiyawan unguwar Akwa, 'yan kasuwa mabiya Hindu, suka ce za su kawo mai yi musu addu'a, ai duk abu ɗaya ne. Ya gode musu ya ce ba ɗaya ba ne. Wurin ƙonawarsu da ke bayan gari kawai ya karɓa, karatun shi ya yi da kansa. Ya yi komai daidai yadda ya yi imani. Ko haka tsohon zai so, ban sani ba. Ranar ban je ba. Na zauna a shago ban taka keke ba, duk hayaƙin da ya biyo iska daga masu gasa kifi sai in tashi in rufe ƙofa.

Bayan haka yaron ya nemi in raka shi bakin ruwan Youpwé, don a ruwa mai gudu suke zuba tokar. Muka sami wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale, muka wuce inda ake sauke kifi, muka shiga inda ruwan ya buɗe. Ƙunshin bai kai girman buhun gishiri ƙarami ba. Da ya kwance shi, na ji wasu abubuwa suna ƙara a ciki kamar tsakuwa. Ya yi karatunsa, ya zuba. Tokar ta tsaya a saman ruwa na ɗan lokaci, fara-fara, sannan ta bi ta gefen jirgin. Na buɗe baki, na rasa abin da ya halatta in faɗa, na rufe.

Na tambayi liman daga baya me zan iya roƙa wa tsohon. Ya ce in bar shi ga Wanda ya halicce shi, Ya fi ni sanin sa. Na yarda da wannan. Mahaucin kuwa ya yi wata da watanni yana amsa gaisuwata da ka kawai.

Wani mai sayar da kayan waya ne a shagon yanzu. Ina yawan mafarkin tsohon: yana tsaye a ƙofata jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ba ya fushi, ba ya kuma cewa komai, kamar yana jira in ƙarasa wata magana. Kuma tun daga ranar kwalekwalen na kasa cin kifi. In matata ta sayo, sai na tambaye ta daga ina yake. Ta ce daga kasuwa. Na ce kafin kasuwa fa? Sai ta ɗauke kwanon daga gabana, ta zuba mini miyar zalla a wani.