Ɗankwalin da Ya Zame

Har yau idan na ji wani ya ce "ai taimako muka je yi," sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Na san taimako. A gidan hayar da na tashi a Sharaɗa na ga yadda ake yin sa, mace ta miƙa wa maƙwabciyarta kwanon tuwo ta bayan labule don kada yaran gida su gani. Abin da aka yi wa wata baiwar Allah a Zawaciki ba sunansa ke nan ba, ko duk Kano za ta taru ta ce mini haka ne.

Matar nan 'yar wasan kwaikwayo ce a talabijin, kuma na so ta tun ina aji huɗu a firamare.

Gidanmu ɗaki-ɗaki ne, kusan kowane ɗaki ma'aikacin kamfani ne da iyalinsa. Babana a masaƙa yake a Bompai, kullum a kan keke, ya dawo da burbushin auduga har a gira. Talabijin ɗaya ce a gidan, baƙi-da-fari, ta wani maƙwabcinmu mutumin Filato da ke aiki a majema a Challawa. Ranar Asabar yakan fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan benci, in 'yan wuta sun yi halinsu ya jona ta da batirin mota. Shi Kirista ne, amma ba ya kunnawa sai maza sun dawo daga sallar magariba.

Shirin na barkwanci ne, a bakin ƙofar wani kamfani ake yin sa, ita ce mai tuwo. Doguwa, baƙa, mai wushirya. Leburori su zo su yi mata ƙarya, maigadi ya yi ta zarya yana neman aurenta, shugaban leburori ya zo da isa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta wanke su tas. Amma abin da muke jira shi ne ɗaurin ɗankwali. Idan aka kai ta bango sai ta ajiye ludayi, ta ɗaga hannu biyu ta kwance ƙullin, ta turo ɗankwalin gaban goshi, ta sake tamke shi kafin ka ƙifta ido, ture-ka-ga-tsiya, ko silin gashinta ba a gani ba. Daga nan sai ta riƙe ƙugu. Kafin ta ce uffan gidanmu ya ɗauka da ihu, matan gida har da buga cinya.

Yaran gidan kowa da tasa budurwar a talabijin. Ɗan mai talabijin, sa'ana, ya mutu a kan mai karanta labarai, wadda ko murmushi ba ta iya ba. Wani kuma wadda ke tallan sabulu yake so. Na ce musu duk ba su da ido. Ranar Asabar ba sai an bi ni da tsintsiya nake wanka ba. In lafta mai a fuska har ina ƙyalli, in zauna gaba-gaba, don na tabbata idan ta juyo tana ganina. Innata ta harbo jirgina tun da wuri. "Ku matsa wa ango wuri," za ta ce, "amarya ta kusa fitowa." In yi fushi, amma ba na tashi. Babana kuwa cewa yake wasan banza ne, sai dai duk Asabar ɗin da aikin yamma ya faɗo masa sai ya yi musaya da wani, ya zauna a bakin ƙofa wai yana gyaran sarƙar keke. Sarƙar nan ba ta taɓa lalacewa ranar Talata ba.

Aka rufe masaƙa, mutanen gidan suka watse, shirin ma ya tsaya. Na girma na zama mai gyaran wutar injuna a wani kamfanin roba a nan Sharaɗa, na yi aure, 'yata ta fari har ta shiga sakandare. Wata rana yayar matata da ke Zawaciki ta ce a layinsu akwai wata tsohuwa marar lafiya, wai da can ita ce mai tuwon talabijin. Ban bari mako ya zagayo ba na ɗauki matata muka tafi.

Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakin ya karkace. Amma ɗakin fes, da ƙamshin turaren wuta. 'Yarta da ke aiki a kamfanin biskit ita ke kula da ita, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa magani ba. Tana zaune a kan katifa, ta kare bakinta da gefen mayafi da hannun hagu. Na durƙusa na gaishe ta, harshena ya ƙi daidaita. Matata ba ta rufa mini asiri ba.

"Hajiya, wani tsohon saurayinku na kawo muku. Tun yana firamare yake shafa mai dominku."

Ta dube ni sama da ƙasa. Maganar ta fito a hankali, da ƙyar.

"Ka makara, yaro."

Sai ta yi dariya a bayan mayafin, dariyar nan dai, ba abin da ya taɓa ta. Na ji kamar ina zaune gaban benci a tsakar gidanmu. Da za mu tafi matata ta ciro waya ta ce a yi mana hoto na tarihi. Tsohuwar ta girgiza kai.

"A'a, 'yata. Wanda ya san ni, ya riƙe waccan fuskar."

Matata ta mayar da wayar jaka ta ba ta haƙuri. Magana ta ƙare, don ba abu ne mai wuyar ganewa ba.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna da ƙungiya, shugabansu wani Alhaji ne abokin marigayi babana. Labari ya kai musu ta bakin mata. Ya kira ni ya ce sun ji na san gidan, suna son zuwa dubiya. Na yi murna. Dubiya kowa ya san yadda take: ka riƙo lemo da ayaba, ka zauna kaɗan, ka ce ya jiki, ka yi addu'a, ka tashi tun ba ka gajiyar da mai jinya ba. A cikin adaidaita sahu ma na gaya masa ba ta son hoto.

"Wa ya ce maka hoto?" in ji shi.

Da hantsi muka isa, 'yarta tana wurin aiki, wata maƙwabciya ta yi mana iso. Dattawa huɗu, da ni, da jikan Alhaji, wani dogon saurayi mai jaka a baya wanda na ɗauka rakiya ya yo. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka shafa. Ina shirin miƙewa sai Alhaji ya yi gyaran murya, saurayin ya zuge jaka ya fito da wata sanda mai ƙafa uku da fitila zagayayya, ya maƙala waya a tsakiya.

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, ba haka muka yi da ku ba."

"Zauna, yaro. Mutanen yanzu sai sun gani suke tausayi."

"Ai ba ta ce tana buƙatar komai ba."

"Za ta faɗa ne? Kunya ce. Kai ka fi mu sonta? Muna kallonta kana yawo ba wando."

Sauran suka yi dariya. Na juya wurinta na ce, "Hajiya, ku ce ba kwa so." Ta dube ni, ta dubi dattawan da suka taso takanas suka zauna a tabarmarta, ta dubi ledar lemon da ke gabanta. Na ga amsar a idonta, amma kara ta ɗaure mata baki. Mutuniyar da ta shekara da shekaru tana wanke maza a talabijin, a ɗakinta ba ta iya korar baƙo.

Fitila ta haske ɗakin. Alhaji ya gyara babbar riga ya fara jawabi: jama'a ga ta nan, ta ba mu dariya, yau an manta da ita, ina masu hali, ina gwamnati. Ya yi ta ambaton sunan ƙungiyarsu. Sannan ya ce, "Hajiya, ɗan sauke mayafin nan mutane su gane ki." Ta sauke. Bakin ya fito fili a cikin hasken. Na ce ya isa haka, wani dattijo ya riƙe mini hannun riga ya ce in ji tsoron Allah, kada in toshe mata hanyar alheri.

"To yi mana ɗaurin nan, Hajiya," in ji Alhaji. "Shi kowa ya sani."

Ɗauri ne na hannu biyu. Wanda duk ya taɓa kallon shirin ya san haka, su ma sun sani, sun kalle shi fiye da ni. Ta ɗaga hannun hagu shi kaɗai. Ta laluba ƙullin a ƙeya ta kwance. Ta turo ɗankwalin gaba, ba ɗaya hannun da zai tare, ya zame ta kan fuskarta ya faɗi a cinya. Kanta ya fito, furfura 'yar kaɗan, gefe guda duk ya zube saboda kwanciya. Wani daga cikin dattawan ya saki dariya irin ta sabo, ya haɗiye ta a tsakiya. Ita kuwa ta ɗora tafin hannunta a ka, tana son rufe abin da tafi ɗaya ba zai rufe ba.

Na fizge rigata na tsaya tsakaninta da wayar, na miƙa mata mayafin ban kalle ta ba. Na juyo wurin saurayin.

"Goge shi. Yanzun nan."

"Kawu, ai kai tsaye ne. Mutane na kallo tun ɗazu."

Ban san lokacin da na yi jifa da sandar nan tsakar gida ba. Alhaji ya ce ba ni da tarbiyya, ya ce da babana na raye da ya ji kunya. Na ce masa da babana na raye da shi zai fara fitar da su, kuma har gobe ban janye ba.

Washegari a kamfani, lokacin hutun cin abinci, na tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya. An yanke jawabin Alhaji, an yanke komai, an bar daidai wurin da ɗankwalin ya zame, an sa masa kiɗa yana ta maimaituwa. Wasu na dariya, wasu na cewa Allah sarki, duk dai kallo suke. Taimakon ma ya zo, ban ce bai zo ba. Buhunan shinkafa suka zo, kowane buhu da mai ɗaukarsa a waya. 'Yarta ta gaji ta sa kwaɗo a ƙofa. Na koma sau da dama, a soro ake karɓar gaisuwata. 'Yar ta ce mini tsohuwar ba fushi take da ni ba, kawai ba ta son kowa ya ƙara ganinta, ko maƙwabta. Ta ce har a cikin ɗaki ita kaɗai, ɗankwali biyu take sa a ɗaura mata.

Ba ta kai azumin da ya biyo baya ba. A wurin zaman makoki na ji Alhaji yana gaya wa na kusa da shi cewa alhamdu lillahi, su dai sun yi iya ƙoƙarinsu tana raye. Na tashi na bar tabarmar, don gidan mutuwa ne kuma na san bakina.

Bayan sadakar bakwai na je gidan talabijin ɗin da ya yi shirin, neman tsofaffin kaset na shirin, ko guda ɗaya, in sa a waya ya ture wancan bidiyon. Wani tsohon ma'aikaci ya kai ni wani ɗaki mai warin ruma, ya ce tun tuni aka bi ta kan yawancinsu aka naɗi jawaban bukukuwa, ragowar kuma ruwan sama ya gama da su. Ya ce shi ma yana sonta. Kowa yana sonta! Na gaji da jin haka. Na nemi ɗan mai talabijin ɗinmu a waya, yana Jos yanzu, ko babansa ya ajiye wani abu. Babu. Muka yi ta tuna shirin, daga ƙarshe ya ce a yi wa iyalinta gaisuwa.

Rannan na dawo daga aiki na tarar da 'yata a tsakar gida da wayar uwarta, na jiyo kiɗan tun daga zaure. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta firgita, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ai tsohuwar nan ce mai ɗankwali. Kowa a ajinmu yana da shi."

Na zauna a bakin rijiya na gaya mata wace ce. Na gaya mata benci da batirin mota, da wushirya, da yadda take ajiye ludayi. Na ɗaga hannuwana biyu sama da kaina ina nuna mata yadda ɗaurin yake, ƙato da ni, da kayan aiki a jikina. Ta kalle ni har na gama. Ta goge bidiyon a gabana ba tare da na sake cewa komai ba.

Sannan ta ce, "Baba, to nuna mini hotonta na da in gani."

Na ce mata babu.