Ƙofar Baba a Cikin Kwalekwale

Duk sanda na wuce wajen masu gyaran bodin mota, warin ruwan faiba, robar nan mai zare da suke liƙi da ita, ya buge ni, sai kwalekwalen Baba ya faɗo mini a rai. Na san za ka ce me ya haɗa Jos da kwalekwale. To, a bayan unguwarmu akwai tafkin da masu haƙar kuza suka bari, lambunmu kuma yana tsallake. Da wannan jirgin na faiba muke ɗauko kabeji da karas.

Shekarar da Baba ya rasu, ƙasan jirgin ya fara lotsawa in an taka. Mai gyara ya yanke faibar, ya nuna wa Mama dogayen katakan da ke riƙe da jirgin daga gaba zuwa baya. Sun ruɓe, suna marmashewa a hannu kamar dusa. Ya ce sai an samo busasshen katako, don ɗanye in aka rufe shi da faiba, ta ciki zai ruɓe ba a sani ba.

Baba Ƙarami, ƙanin mahaifinmu, dama lambun yake so a bar masa. Ya kawo itacen turare sabon sara.

"Matar yaya, yi maneji da wannan. Ai ba daɗewa za ki yi a aikin nan ba."

"Na gode. In ya bushe ma yi girki da shi."

Ta zaga kasuwar katako. Ƙirya ta yi nauyi, farin katako kuwa farce ma shiga yake. Da ta dawo, sai ta tsaya gaban ɗakin Baba tana kallon ƙofar. Maɗaci ce, tun ta zamanin kakanmu, ta bushe ƙayau. Da kanta ta ɓalle ta, ta kai wa mai gyara.

Dangi suka yi mata ca, wai ta tozarta ɗakin mamaci. Ta ce, "'Ya'yansa zan ɗora a kan ruwan nan." Lokacin sanyin nan, buhu muka rataya a bakin ɗakin, iska na kaɗa shi. Jirgin kuwa ya koma ruwa, ƙasansa daram.

Yanzu gidaje sun cinye lambun, jirgin ma ban san inda ya ƙare ba. Amma har yau in an taru Kirsimeti, sai wani ya tayar da zancen ƙofar. Mama ta tsufa, ba ta tankawa. Ni nake tankawa. Nakan ce su dube mu da kyau: shekara da shekaru tana tsallakewa da mu, ga mu nan dukanmu a zaune muna cin shinkafa.