Jar Kibiyar da Na Goge

Har yau ranar Larabar nan ba ta fita raina ba. Da ni, da Hajiya Binta mataimakiyar shugabar makaranta, da Hassana 'yar ajin ƙarshe, sai baƙi biyu da suka zo zaɓen wadda za ta je gasar kimiyya. Malam Ishaya, mai koyar da lantarki, yana asibiti wajen matarsa.

Shekara ashirin ina sharar ɗakin kimiyya. Ban yi boko ba, amma ina da ido. Zanen batir da waya da ƙwan lantarki na san shi kamar tafin hannuna: kullum farar kibiya daga kan batir take fitowa, ta zagayo gindinsa.

Da safe sai na tarar da Hassana ta ja jar kibiya a allo, daga gindi zuwa kai.

Na ce, "Ke, wa ya aike ki?"

Ta ce, "Inna Rabi, Malam ne ya..."

"Rufe mani baki!"

Na goge, na kai ƙararta wajen Hajiya Binta cewa tana ɓata zanen malami ranar baƙi. Hajiya ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, don haka ba ta bincika ba. Aka tsayar da yarinyar a rana har baƙi suka zaɓi wata suka tafi.

Bayan azahar Malam Ishaya ya dawo. Ya dubi allon, ya zauna.

Ya ce, "Inna, ni na sa ta. Mutanen farko sun zaci wuta daga kai take fitowa, aka rubuta haka a littattafai. Daga baya aka gano ƙananan ƙwayoyin da ke gudu cikin waya daga gindi suke tasowa. Duka biyun ake koyarwa. A ajin nan ita kaɗai ta gane, shi za ta nuna wa baƙi."

Na ce, "To, a kira su mana."

Ya ce, "Sunan wadda aka zaɓa ya riga ya tafi. Ita kuma bana take gamawa."

Ku da kuke sabbin ɗauka a aikin makarantar nan, ku ji: daɗewa a wuri ba sani ba ne, kuma wanda aka yarda da shi ya fi kowa iya cuta.

Washegari ban ɗauki tsintsiya ba. Na taka har Ƙofar Sauri, na yi sallama gidan su Hassana. Tana wanke-wanke. Na durƙusa gabanta, uwarta na cewa, "Haba Inna, tashi, ai jikarki ce!"

Hassana ta ce, "Ba komai, Inna."

Ba ta ɗago kai ba.